Kwamfuta Ba Ta San Mudun Yauri Ba

Daga tsofaffin ɗalibai masu sana'ar rubuta manhaja

Gabatarwa

Mu kaɗan ne daga cikin waɗanda suka zauna a kan bencin da kuke zaune yanzu. Waɗansunmu 'yan Yelwa ne, waɗansu daga Wara da Birnin Yauri a ƙasar Ngaski, waɗansu kuma daga ƙauyukan Shanga. Abin da ya haɗa mu shi ne sana'a ɗaya, watau rubuta manhajar kwamfuta da ta wayar hannu.

Duk sa'ad da muka zo gida hutu, tambayoyi biyu muke sha. Iyaye sukan ce, "Wai shin mene ne ainihin aikin nan naku? Gyaran waya ne ko buga takardu?" Ɗalibai kuwa sukan ce, "Wane harshen kwamfuta za mu fara koya domin mu sami kuɗi da wuri?" Za mu yi ƙoƙarin amsa duka biyu. Amma abin da muke so ya zauna a zukatanku shi ne, mai wannan sana'a rubutu biyu yake yi: ɗaya domin na'ura, ɗaya domin mutane. Na biyun nan shi ne yake raba gwani da ɗan koyo.

Rubutu na farko: umarni ga na'ura

Kwamfuta kamar ɗan aike ce mai saurin ƙafa, ba ta gajiya, ba ta mantuwa, amma ba ta da hankalin kanta. Idan uwa ta aiki yaro kasuwar Yelwa ya sayo albasa, ya tarar ta ƙare a wurin mai tebur na farko, zai wuce wurin na biyu ba sai an gaya masa ba. Kwamfuta kuwa in ba ka rubuta mata abin da za ta yi idan albasa ta ƙare ba, nan za ta tsaya cik, ko kuma ta komo maka da abin da ba ka aike ta ba. Aikinmu ke nan: mu ɗauki wata hidima ta mutane, mu kakkarya ta mataki-mataki, har ya zama babu inda na'ura za ta yi tuntuɓe.

Alal misali, a ce za a rubuta manhaja domin tashar jirgin ruwa. Matakan za su zama kamar haka. A rubuta iyakar mutanen da jirgin yake iya ɗauka. Duk fasinjan da ya zo, a rubuta sunansa, da garinsu, da lambar wayar wani ɗan'uwansa, sa'an nan a ƙara ɗaya a kan lissafi. Idan lissafi bai kai iyaka ba, a karɓi na gaba. Idan ya kai, a rufe. Kafin jirgi ya tashi, a ajiye jerin sunayen a tasha, kada ya bi jirgin. Wanda ya fahimci wannan ya riga ya fahimci ginshiƙai uku na kowane harshen kwamfuta: ajiye lissafi, maimaita aiki, da zaɓi tsakanin hanya biyu bisa ga sharaɗi.

Ba don wasa muka kawo wannan misali ba. Ran 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara, kuma kaɗan ne suka tsira. An yi kwanaki ana neman gawawwaki, rahotanni kuma suka riƙa saɓa wa juna a kan yawan waɗanda suke ciki. Manhaja ba za ta hana jirgi nutsewa ba, wannan yana wuyan masu jirgi da hukuma da rigar ruwa. Amma jerin sunaye da aka bari a tasha yana iya gaya wa uwa ko ɗanta yana ciki, ya kuma gaya wa masu ceto mutum nawa suka rage a nema.

Irin wannan jerin matakai shi ake kira algoridim. Kalmar ta samo asali ne daga sunan Al-Khwarizmi, masanin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Harsunan da ake rubuta matakan da su kuwa suna da yawa, kuma suna sauyawa kamar yayin atamfa. A 1964, shekarar da aka soma gina madatsar ruwa ta Kainji, aka fito da harshen BASIC a Amurka domin ɗalibai masu koyo. A 1991, shekarar da aka kafa Jihar Kebbi, wani mutumin Holan mai suna Guido van Rossum ya fitar da harshen Python, wanda da yawanmu muke cin abinci da shi. Saboda haka amsarmu ga ɗalibai ita ce, ku fara da Python, gama yana da sauƙin karantawa. Amma kada ku ɗauka harshen shi ne sana'ar. Wanda ya iya tuƙa kwalekwale ba ya damuwa da icen da aka sassaƙa filafili da shi.

Tambaya kafin rubutu

Kafin a rubuta layi ɗaya na umarni, akwai aikin da ya fi kowane wuya, shi ne gane abin da mutane suke nufi da maganarsu. Waɗansu daga cikinmu sun taɓa rubuta wa wata ƙungiyar 'yan kasuwa a bakin tafki manhajar ajiye lissafin kaya da bashi. Makon farko ba su taɓa kwamfuta ba. Zama suka yi a rumfuna da littafi da biro suna tambaya. Abin da ya fito fili shi ne, "kwali ɗaya" na bandar kifi ba abu ɗaya ba ne a bakin kowa, gama akwai babba akwai ƙarami. Kwandon albasa na lokacin kaka ba irin cikar da ake yi masa da bazara ake yi masa ba. Mudun shinkafa ma akwai mai tozo, akwai shafaffe. Bugu da ƙari, kifin da wani ya kira karfasa, wani gargaza yake ce masa. Idan ba a gaya wa na'ura cewa sunayen nan biyu na kifi ɗaya ne ba, za ta buɗe masa rumbu biyu, lissafin wata ya fito a karkace, amana kuma ta lalace tsakanin mutanen da suka shekara ashirin suna ciniki tare.

Abin da ya fara fitowa daga wannan aiki takarda ce mai shafi kaɗan da Hausa, wadda ta fayyace ma'anar kowane awo da kowane suna. Aka karanta wa shugabannin ƙungiyar, suka gyara abin da za su gyara, kowa ya amince, sa'an nan aka shiga rubuta manhaja. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙwararre daga Legas ko Indiya yana iya fin mu saurin hannu, amma bai san mudun Yauri ba, kwamfuta ma ba ta san shi ba. Ɗan da ya tashi yana ganin ana jefa birgi, ana ɗana gura da mamari, yana riƙe da ilimin da ba a sayarwa a jami'a.

Kada wani ya ce wannan matsala ta 'yan ƙauye ce. A watan Satumba na 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars. Da aka bincika sai aka gano cewa wata manhaja tana ba da lissafinta da ma'aunin Ingilishi na fam, alhali wadda take karɓar lissafin tana sa ran ma'aunin mita da kilo. Manyan masana ne a ɓangarorin biyu, amma mudunsu bai zama ɗaya ba, kumbo na miliyoyin daloli ya salwanta.

Rubutu na biyu: bayani ga mutane

Bayan an gama manhaja, sauran aiki yana nan. Dole a rubuta yadda aka gina ta domin wanda zai gaje ta, a kuma rubuta yadda ake amfani da ita domin wanda zai riƙe ta kullum. Wannan shi ake kira rubutun bayanin fasaha, kuma akwai mutanen da shi kaɗai ne sana'arsu, ana biyansu albashi mai kyau a kansa.

An taɓa kiran ɗaya daga cikinmu wani ƙaramin asibiti inda manhajar ajiye katin marasa lafiya ta tsaya. Wanda ya rubuta ta gwani ne, aikinsa ya yi shekaru yana tafiya lafiya. Amma ya bar garin, lambarsa ba ta shiga, bai kuma bar ko shafi ɗaya na bayani ba. Gyaran da bai fi na yini ɗaya ba sai da ya ci makonni, ma'aikata suka koma neman tsofaffin katuna a kwali, marasa lafiya suna jira a kan benci. Tun daga nan muka mai da shi doka a tsakaninmu cewa aikin da ba a rubuta bayaninsa ba, ba a gama shi ba.

Tarihin sana'ar kansa ya nuna haka. A 1843 wata 'yar Ingila mai suna Ada Lovelace ta fassara wata maƙala a kan na'urar lissafi da Charles Babbage ya zana, ta ƙara mata bayanai nata waɗanda suka fi maƙalar tsawo nesa ba kusa ba. A cikinsu ta jera matakan da na'urar za ta bi ta yi wani lissafi mai wuya. Ba a taɓa gama ƙera na'urar ba a zamaninsu, amma bayanin ya rayu, shi ya sa mutane da yawa suke kiranta mai rubuta manhaja ta farko.

A nan gida ma muna da shaida. An gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye gungaye da garuruwa, aka sake wa mutum kimanin 44,000 matsuguni, aka sami tafki mai tsawon fiye da kilomita 130. A 1993 aka soma wani shiri na haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Jamus domin kyautata kamun kifi a tafkin, tare da cibiyar binciken kifi ta New Bussa. Ma'aikata suka riƙa bin tungayen masunta suna ƙirga jirage da taruna, suna auna kifin da aka kamo, ana shigar da alƙaluman cikin kwamfuta. Irin wannan lissafi ne ya nuna yadda tarun dala, wanda ake jan warangi da shi, yake kwashe 'ya'yan manyan kifaye tun ba su girma ba, har aka haramta shi a ƙarshen shekarun 1990. Kwamfutocin da aka yi aikin da su sun daɗe da zama tarkace. Amma rahotannin da aka rubuta, waɗanda suka bayyana yadda aka yi ƙirgen da yadda aka yi awon, suna nan a intanet, ɗalibin jami'a yana iya karantawa ya ɗora daga inda aka tsaya.

To, yaya ake rubuta bayani mai kyau? Ga abin da aiki ya koya mana. Ka san wanda kake rubuta wa, gama bayanin da za ka yi wa injiniya dabam yake da wanda za ka yi wa magatakardan ƙungiya. Kowace jimla ta ɗauki umarni ɗaya. Idan ka kira abu da wani suna a shafi na farko, kada ka sauya masa suna a shafi na uku. Ka faɗi abin da mutum zai gani idan ya yi daidai, da abin da zai yi idan abu ya ƙi. Daga ƙarshe ka miƙa takardar ga wanda bai taɓa ganin manhajar ba, ka kama bakinka, ka zuba ido. Duk inda ya tsaya yana sosa kai, nan ne gyara yake. Idan kun lura, babu ɗaya daga cikin waɗannan da malaman Hausa da na Turanci ba su koya muku a darasin insha'i da taƙaita labari. Jan biron da suke yi muku a gefen takarda, "me kake nufi a nan?", shi ne tambayar da za ku yi ta sha har ku yi ritaya.

Harshenmu a cikin na'ura

Yawancin littattafan wannan sana'a da Turanci suke, saboda haka ku riƙe Turanci da kyau. Amma masu amfani da aikinmu a Zamare ko Gebbe da Hausa suke tunani, waɗansu ma da Gunganci ko Kambarci ko Shanganci. Manhajar da manomi ba ya iya karantawa, ko ta kai ina da kyau, ado ce kawai.

Malamanmu za su tuna lokacin keken rubutu, sa'ad da sai an gama bugawa a bi da biro ana sa wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasa. Wannan lanƙwasa ba ƙawa ba ce. Ita ce ta raba baƙi da baki, ta raba ƙafa da kafa. A cikin rumbun bayanai, idan an rubuta sunan mutum da lanƙwasa yau, gobe babu, na'ura za ta ɗauka mutum biyu ne. Tun 1991 aka fito da tsarin Unicode, wanda ya ba haruffan harsunan duniya lamba, har da namu masu lanƙwasa, kuma yau ana samunsu a allon rubutu na waya. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook kuma a 2016. Masana irin su Dokta Shamsuddeen Hassan Muhammad, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano, sun tattara dubban jimlolin Hausa domin koya wa na'ura gane harshen. Duk da haka gonar tana da faɗi, manoma kaɗan ne. Harsunan bakin tafkin nan kuwa ko sharar gonar ba a gama ba. In ba ku ba, wa zai yi?

Ko na'ura za ta ƙwace aikin?

Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, ana samun manhajojin da suke rubuta umarnin kwamfuta da kansu idan ka gaya musu abin da kake so. Mu ma muna amfani da su, suna kuma rage mana wahala. Waɗansu iyaye sun tambaye mu ko sana'ar ta mutu ke nan. Abin da muka gani shi ne, waɗannan na'urori suna ba ka daidai gwargwadon yadda ka iya bayani. Ka yi musu bayani a dunƙule, su ba ka aiki a dunƙule, wani lokaci ma da kuskuren da sai mai ido zai gani. Ba za su shiga kwalekwale su je wurin Sarkin Ruwa su tambaye shi kwali nawa ne ba. Ashe ke nan darajar saurin buga umarni ta ragu, darajar iya tambaya da iya bayani da iya duba aiki ta ƙaru.

Hanyar shiga

Ga mai sha'awa, hanya a buɗe take. Ka dage da Lissafi da Turanci da Fizik, gama su ake nema a WAEC da NECO da JAMB domin karatun kimiyyar kwamfuta. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kan kwamfuta ake yinta, saboda haka kada ka bari ranar jarrabawa ta zama ranar da ka fara taɓa linzami. Akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Tarayya a Birnin Kebbi, da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero, da Kwalejin Waziri Umaru. A 2023 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT domin horar da matasa a wannan fanni. Akwai kuma darussa kyauta a intanet, irin na freeCodeCamp.

Ba za mu ɓoye muku wahalar ba. Muna zaune a bakin ruwan da yake ba ƙasa wuta, amma da yawanmu da fitilar waya muka yi karatun dare. Data tana da tsada, sabis yana zuwa yana tafiya, kwamfuta ɗaya mutum biyar suke layi a kanta. Dabarar da ta fisshe mu ita ce rubuta matakai a takarda tukuna, mu bi su da fensir kamar mu ne na'urar, domin idan layi ya zo kanmu kada mu ɓata minti ɗaya. Wannan dabara ta talauci ta zama mana jari, gama ta koya mana tunani kafin bugawa.

Kada kuma ku raina inda kuka fito. Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya rubuta tarihin Yauri da na Hausawa a Afirka ta Yamma, ya kuma shugabanci jami'ar Sakkwato. Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi ma ya shugabanci wannan jami'a kafin a naɗa shi Sarkin Yauri a 1999. 'Yan mata kuma su sani wannan sana'a ba ta bukatar ƙarfin damtse, kuma kun ji wadda ta fara ta.

Abu na ƙarshe shi ne amana. Mai rubuta manhaja yana ganin asirin mutane: bashinsu, cutarsu, lambar asusunsu. Akwai samarin da suka mai da wannan ilimi hanyar damfara, suna yawo da manyan motoci na ɗan lokaci. Ƙasa tana da dokar laifuffukan intanet ta 2015, da dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Amma tun kafin doka, tarbiyyar da kuka samu a gida da makarantar nan ta isa ta gaya muku cewa abin da aka ba ka ajiya ba naka ba ne.

Kammalawa

Muna roƙon hukumar makaranta da iyaye su tallafa wa ƙungiyar kwamfuta ta ɗalibai, ko da da faifan sola ɗaya ne da batir. Mu kuma a shirye muke mu riƙa zuwa lokacin hutu muna koyarwa. Ku ɗalibai, ga aikin gida da ba ya bukatar wuta ko data: kowa ya zaɓi wata sana'a ta gidansu, ko bandar kifi, ko dashen albasa, ko gyaran shinkafa, ya rubuta matakanta da Hausa a shafi ɗaya, yadda baƙon da bai taɓa gani ba zai bi ya yi daidai. Ku kai wa iyayenku su duba. Wanda takardarsa ta wuce hannun tsohuwa ba gyara, ya zo mu ba shi kujera a gaban kwamfuta.

Ga 'yan aji shida masu fita bana, muna yi muku fatan alheri a jarrabawa da rayuwa gaba ɗaya. Allah ya ba da sa'a, amin.